Mun haɗa ɗaki a jirgin ruwa: wa zai ga lissafin kashe-kashen wa?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan kasuwar riɗi da ke zaune a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Shi da baffansa za su tafi Umara, ejan ɗinsu kuma ya haɗa musu da tafiyar kwana biyar a jirgin ruwan yawon shaƙatawa daga Jidda. Ɗaki ɗaya aka kama musu. Baffan ne ke da katin dala, ejan kuwa ya ce a ɗora su duka biyun a kan katin, a huta. Ga abin da ya tambaya: "Zan iya ganin lissafin abin da na kashe ni kaɗai? Baffa zai ga duk abin da na saya? In mun dawo gida, da me za mu raba lissafi?"

Alhaji, Allah ya sa a je lafiya, ya karɓi ibada. Amsar a dunƙule ita ce: a cikin jirgin ruwa ɗaki daban, asusu daban. Kwana a ɗaki ɗaya bai tilasta muku haɗa asusu ba. Amma duk wanda aka ɗora ka a kan katinsa na banki, zai ga abin da ka kashe, kuma haƙƙinsa ne ya gani tunda aljihunsa za a taɓa. Saboda haka shawarar ejan ba ta dace da abin da kake so ba. Ka raba asusu tun ranar shiga, kafin ka sayi ko da ruwan roba.

Sai dai raba asusun kaɗai bai rufe kowace ƙofa ba, shi ya sa bayanin zai ɗan yi tsawo.

Manyan jiragen nan ba a ciniki da tsabar kuɗi a cikinsu. Ranar shiga za a ba kowane fasinja kati mai ɗauke da sunansa. Kamfanin MSC, wanda jirginsa Bellissima ya yi jigila daga Jidda a 2021, yana kiransa Cruise Card; Royal Caribbean na kiransa SeaPass; Carnival kuma Sail & Sign. Kamfanin AROYA na Saudiyya, wanda ya fara tashi daga Jidda a watan Disamba na 2024, shi ma fasinjansa da katin jirgi yake yawo. Katin nan shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidarka a bakin ƙofar jirgi duk lokacin da za ka sauka ko za ka hau, shi ne kuma aljihunka. Ka sha lemo, ka ba da wanki, ka sayi turare, ka biya intanet, sai ma'aikaci ya goga katin, kuɗin ya hau kan shafinka.

Ka ɗauke shi kamar littafin bashin mai shago a garinku. Gida ɗaya na iya samun shafi uku a littafin, kowa da nasa, kowa zai biya da kansa ranar kasuwa. Haka kuma maigida na iya zuwa ya ce wa mai shago, "duk abin da yaran gidana suka ɗauka, ka rubuta a kaina." Daga ranar da ya faɗi haka, in ya zo ya ce a buɗe masa littafi, mai shago ba zai hana shi ba. Jirgi ma haka ne. Shafin kowane mutum ma'aikata na kiransa folio, kalmar da ya kamata ka riƙe domin da ita za ka yi magana a teburin kula da fasinjoji. Abin da ke haɗa shafi biyu ko ya raba su shi ne hanyar biyan da aka liƙa wa kowanne.

Hanyoyin uku ne a gabanku. Ta farko ita ce wadda ejan ya kawo: katin Baffa ya ɗauki ku biyun. A nan Baffa zai ga shafinsa da naka, a wayarsa da kuma a takardar ƙarshe. Kai kuwa galibi naka kaɗai za ka gani. Ta biyu, kowa ya liƙa katin bankinsa. Ta uku, wadda nake ganin ta fi dacewa da kai tunda ba ka da katin dala: Baffa ya liƙa katinsa a kan shafinsa shi kaɗai, kai kuma ka buɗe asusun tsabar kuɗi. Za ka je tebur ranar farko ka ajiye dala a hannunsu kamar kafin alƙalami, su rubuta a shafinka, ka riƙa kashewa daga ciki. In ya kusa ƙarewa za su sanar da kai ka ƙara. In ya ƙare ba ka ƙara ba, katin zai daina saye amma zai ci gaba da buɗe ƙofar ɗaki. Abin da ya rage ranar ƙarshe a mayar maka.

Kowane kamfani yana da mafi ƙarancin abin da yake karɓa a matsayin ajiyar farko, da kuma irin kuɗin da ake lissafi da shi a jirgin, ko dala, ko yuro, ko kuɗin ƙasar da jirgin yake. Ka sa ejan ya nuna maka wannan a rubuce cikin takardun tikitinku tun kana gida, kafin ka shiga Wapa canji. Ka karɓi takardun kuɗi masu tsabta, marasa yaga da rubutu a jiki. Ka kuma tuna duk wanda zai fita daga Najeriya da abin da ya haura dala 10,000 sai ya bayyana wa jami'an kwastam, ko da yake tafiya irin taku ba ta kai nan ba.

Yawanci ana zaɓen hanyar biya ne tun wajen rajistar intanet da ake yi kwanaki kafin tashi. A nan ne matsala ke fara shigowa, domin mutanenmu da yawa ejan ne ke cike musu komai. Akwai wurin da ake tambaya ko wannan katin zai ɗauki nauyin sauran mutanen ɗakin. Ejan yana sauri, sai ya danna "eh" ya wuce. Haka nan sai ya sa adireshin imel ɗinsa a madadin naku, ko ya sa na mutum ɗaya a ku biyun. Sakamakon haka, takardar lissafin ƙarshe da kamfani ke aikawa ta imel sai ta faɗa hannun ejan a Kano, ku masu kashe kuɗin ba ku gani ba. Ka zauna kusa da shi ranar da zai cike, ka tabbata imel ɗinka ne a gaban sunanka, na Baffa ko na ɗansa a gaban nasa. In an riga an yi kuskuren, ba a makara ba: ranar shiga ku je teburin da aka rubuta Guest Services ko Reception ku biyun tare, da katunan jirginku da fasfo, ku ce a raba. Dole mai katin banki ya kasance a wurin, don ba za su cire ko su ƙara wani a kan katinsa da bakin wani ba. Layi yakan yi tsawo a sa'o'in farko. Bayan sallar Isha ko da sassafe washegari ya fi sauƙi, amma kafin nan kada ka goga katinka a ko'ina.

Yanzu ga wuraren da ake ganin lissafin, domin a nan sirri ke yoyo ko da an raba asusu.

Na farko manhajar kamfanin a waya, irin su MSC for Me ko Carnival HUB. Ka sauke ta tun kana Dutse ko Kano inda data ke da araha. A cikin jirgi tana aiki da wayfai ɗin jirgin ba tare da ka sayi intanet ba. Wanda ya shiga da sunansa zai ga shafinsa da na duk wanda ke kan katinsa. Amma akwai jiragen da manhajarsu ke jero sunayen duk waɗanda ke kan lambar tikiti ɗaya, a taɓa suna a ga abin da ke ƙarƙashinsa. Kada ka yi zato, ka gwada. Bayan an raba, ka sayi ƙaramin abu, ka jira ya hau, sannan ka duba ko ya fito a ɓangaren Baffa lokacin da kake saita masa tasa wayar, da saninsa.

Na biyu talabijin ɗin ɗaki, kuma shi ne ya fi tona asiri. A jirage da yawa akwai shafin lissafi a cikinsa, kuma talabijin bai san wanda ke riƙe da rimot ba. Ɗakin ya sani, ba mutum ba. Duk wanda ya zauna a bakin gado yana latse-latse yana iya faɗawa kan sunayen mutanen ɗakin biyu da abin da kowa ya kashe. Wasu jiragen suna neman lambar sirri kafin su buɗe, wasu ba sa nema. Ka duba wannan a daren farko. In a buɗe yake, ka tambayi tebur ko za su iya kulle shafin lissafi daga talabijin ɗin ɗakinku. Wani jirgin zai iya, wani na'urarsa ba ta da wannan damar. In ba ta da ita, to ka san matsayinka tun da wuri, ka tsara sayayyarka a kan haka.

Na uku takarda. A daren ƙarshe ko da asubar ranar sauka, wasu jiragen na saƙalo takardar lissafi a ƙofar ɗaki ko su turo ta ta ƙarƙashin ƙofa, kowa da tasa in asusu a rabe yake. Ba lallai ta zo cikin ambulan ba. Wanda ya riga tashi sallar Asuba shi zai tsince su duka biyun, kuma mun san a tsakaninka da Baffa wa ke riga tashi. In ba ka so, ka je tebur kwana ɗaya kafin nan ka ce kada a kawo taka ɗaki, za ka karɓa da hannunka ko a tura maka ta imel.

Na huɗu teburin kansa, da na'urorin taɓa-ka-gani da ake girkewa kusa da shi a wasu jiragen. Waɗannan su ne mafi tsaro, don sai da katinka. Ma'aikacin tebur ba zai buga wa abokin ɗakinka shafinka ba in ba shi ke biya maka ba. Kai kuma kana da damar neman a buga maka naka kowace rana, kyauta.

Ya kamata ka san abin da takardar ke nunawa da abin da ba ta nunawa, don hankalinka ya kwanta a inda ya dace ya kwanta. Kowane layi yana ɗauke da kwanan wata, sau da yawa har da lokaci, da wurin da aka kashe kuɗin, da lambar rasit, da adadin. Galibi wurin take faɗa, ba kayan ba. Za a ga "shagon turare, dala 85", ba za a ga wane turare ba ne ko wa aka saya wa. Cikakken bayanin kayan yana kan ƙaramin rasit ɗin da aka miƙo maka ka sa hannu. To in tsarabar uwargida ce ba ka so a san farashinta a gida, adadin zai fito ko da sunan kayan bai fito ba.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne asibitin jirgi. Ganin likita a jirgi ba kyauta ba ne, kuma yana da tsada. Kuɗin kan shafinka yake hawa. Likita ba zai faɗa wa kowa ciwonka ba, amma layin da ke cewa an biya asibiti kaza zai bayyana ga duk mai ganin shafin. Mutum mai lalurar da bai so dangi su sani ba, ko da hawan jini ne ko ciwon suga, wannan kaɗai ya isa dalilin raba asusu. Ka kuma karɓi cikakken rasit daga asibitin a ranar, domin da shi kamfanin inshorar tafiya ke biya in kana da ita.

Akwai kuɗaɗen da ba mutum suke bi ba, ɗaki suke bi, kuma su ne ke haddasa "ai ba ni na sha ba" bayan an dawo. Ƙaramin firjin ɗaki shi ne na gaba. Ma'aikacin ɗaki yana ƙirga abin da ya ragu a ciki ne kawai, bai san wanda ya buɗe ba, sai ya rubuta, kuma sau da yawa a kan sunan da ya zo farko a tikiti yake faɗawa. Haka ruwan kwalba da ake ajiyewa a kan tebur, wanda mutum zai ɗauka kyauta ne alhali da farashi a rataye a wuyansa. Haka kiran waya daga tarhon ɗaki zuwa tudu, wanda ta tauraron ɗan'adam yake bi, ana cajin daloli a kowane minti. Haka fim ɗin biya a talabijin, da kuɗin kawo abinci ɗaki inda ake caji. Maganin firji mai sauƙi ne: ranar farko ku ce wa ma'aikacin ɗaki ya kwashe kayan ciki ko ya kulle shi. Wannan ma ya fi muku, domin a jiragen da ake sayar da giya akan jera ƙananan kwalabenta a ciki, ba kuwa za ku so kwana da su a ɗaki ba bayan fitowa daga Harami. Wanki kuwa akwai takardar da ake cikewa a saka cikin jaka. Kowa ya yi jakarsa daban ya rubuta sunansa, kada a haɗa riguna a jaka ɗaya a rubuta lambar ɗaki kawai.

Sai tukuicin ma'aikata da ake ɗorawa kai tsaye kowace rana. A manyan kamfanonin Amurka yana tsakanin dala 16 da 20 ga kowane mutum a kowace rana a ɗaki na gama-gari. Wasu kamfanonin nasu bai kai haka ba, wasu kuma sun riga sun cusa shi cikin kuɗin tikiti. Kowane fasinja nasa daban ne. In aka ɗauki dala 16 a matsayin misali, kwana biyar ya zama dala 80 a kanka, 80 a kan Baffa. In kuna kan kati ɗaya, Baffa zai ga 160 ta fita ba tare da ya sayi komai ba, kuma in ba wanda ya yi masa bayani tun farko, zai ɗauka kai ne. Ka tambayi ejan ko an riga an biya wannan. In ya ce an biya, ya nuna maka layin a takarda, sannan ka duba shafinka a rana ta biyu ka tabbata ba a sake ɗorawa ba. Ban da wannan, ana ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a kan abin sha da wurin tausa da gyaran gashi. Lemon da aka rubuta dala 4, in ƙarin kashi 18 ne, 4.72 zai fito. Ba sata ba ce, amma wanda bai sani ba zai ga lissafi bai yi daidai da abin da ya riƙe a ka ba.

Wani abin da ke raba kan abokan tafiya shi ne kyautar kuɗin kashewa da kamfani ko ejan kan bayar a matsayin garaɓasa. Sau da yawa ta ɗaki ce, ba ta mutum ba. Wani kamfanin ya raba ta biyu, wani ya zuba ta duka a shafin mai sunan farko. In an yi muku alkawarinta, ku duba inda ta sauka ranar farko, ku daidaita a tsakaninku. Irin wadda kamfani ya bayar kyauta galibi ba a mayar da ita tsaba. In ba a kashe ba, ta tafi.

Zan daɗe kaɗan a kan katin Baffa, domin ko da ba maganar sirri, ɗora mutum biyu a kansa yana da haɗarin da ejan bai faɗa muku ba. Da zarar an liƙa kati, jirgi yana sa banki ya ɗaure wani adadi, galibi tsakanin dala 100 da 300, don tabbatar da cewa akwai kuɗi a ciki. Kashe-kashe na ƙaruwa, ana ƙara ɗaurewa. Ranar ƙarshe sai a cire ainihin jimlar. Kuɗin da aka ɗaure ba jirgi ke sakinsa nan take ba, bankin mai kati ne, kuma yana iya ɗaukar kwanaki, wani lokaci har wata guda. A katin bashi irin na Turawa wannan ba ya damun kowa sosai. Amma katunan da ke hannun mutanenmu kusan duk na cire-daga-asusu ne, kuɗinka na gaske ake ɗaurewa. Ga misali: akwai dala 600 a katin, ku biyun kun kashe 430. An riga an ɗaure wajen 430 a hankali cikin kwanakin. Ranar ƙarshe aka zo cire 430, in bankin bai haɗa cirewar da abin da ya ɗaure ba, abin da ke sake a asusun 170 ne kawai, sai katin ya ƙi. Kuɗin na nan, amma ba ya taɓuwa. Ga ku a Jidda, ga kuɗin otal da na mota a gaba. Rabin wannan nauyin zai sauka daga kan katin in kai kana kan tsabar kuɗi.

In wani ya ce maka ai katin naira ma yana yi, ka bi a hankali. Bankunan Najeriya sun rage iyakar kashewa a waje har zuwa dala 20 a wata a 2022, da yawa suka rufe gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa, kowanne da iyakarsa. Ka je reshen bankinka ka ji taka iyakar daga bakinsu, ka tuna kuma ɗaurewar nan ma cikin iyakar take ci. Katin Verve kada ka dogara da shi a jirgi. Visa da Mastercard ne ake karɓa ko'ina. Baffa ya sanar da bankinsa ranakun tafiyar don kada su ga ciniki daga waje su toshe katin. Ku kuma sani a tsakiyar teku saƙon lambar sirri da banki ke turowa ta layin waya ba lallai ya iso ba, don haka duk wata zuba kuɗi a kati a gama ta a tudu. Waya kuwa a sa ta a yanayin jirgin sama a kunna wayfai kaɗai, domin layin da ke kamawa a teku tsadarsa ta wuce misali. In na'ura ko ma'aikaci ya tambaya ko a juya lissafin zuwa wani kuɗi daban kafin a cira, ku ce a bar shi a kuɗin jirgin. Juyawar tana da nata ƙarin.

Abu ɗaya ƙarami da ke rikita lissafi fiye da yadda ake zato: katunan jirgin ku biyu launi ɗaya ne, zane ɗaya, suna ne kawai ya bambanta, kuma kowanne na buɗe ƙofa ɗaya. An ajiye su a kan tebur, an tashi da sauri, kowa ya ɗauki na wani, sai a wuni ana rubuta sayayyarka a shafin Baffa. Ka sa wa naka alama da ɗan salatif mai launi, ko ka rataye shi a wuya. Kada ka huda shi da kanka, wasu akwai na'ura a cikinsu. Tebur za su huda maka in irin wanda ake hudawa ne. In ya ɓace, ka je tebur nan take a kashe shi a ba ka sabo. Kuma kada ka ba Baffa naka ya sayo maka abu, ko kai ka karɓi nasa, sai dai in kun yarda a kan mai katin zai zauna.

To yaya za ka faɗa wa Baffa ba tare da ya ga kamar kana ɓoye masa wani abu ba? Wannan na san shi ne ainihin abin da ke ranka, don a wajenmu ɗa ba ya cewa uba "kada ka ga lissafina." Ba sai ka faɗi haka ba, ba kuma sai ka yi ƙarya ba. Gaskiyar da ke akwai ta isa: "Baffa, in aka ɗora mu biyu a katinka, banki zai ɗaure maka kuɗi da yawa, zai iya ƙin aiki ranar sauka. Bari in ajiye nawa tsaba, naka ya tsaya a kanka kai kaɗai." Dattijon da ya saba awo da lissafi a kasuwar Maigatari zai gane wannan nan da nan. In kuwa ya ce shi ya ɗauki nauyin tafiyar kuma shi zai biya komai, to ka karɓi alherinsa da godiya, ka kuma san cewa zai gani. Abin da kake so ya zama naka kai kaɗai sai ka bari ka saya a kasuwar Jidda da kuɗin aljihunka. Ba a haɗa biyun: wani ya biya, a kuma hana shi gani.

Haka kai ma, in Baffa ba ya karanta boko ya miƙo maka takardarsa ka karanta masa, ka karanta masa duka layi-layi, abin da ka gani kuma ya tsaya a tsakaninku. In akwai abin da ɗayanku ya biya wa ɗaya da niyyar a mayar, ku rubuta a ranar a ƙaramin littafi, da kwanan wata da adadi da irin kuɗin. Ayar bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282, rubutawa ta yi umarni, kuma a nan akwai ƙarin dalili: ku yanke tun a jirgi ko dala za a mayar ko naira, in naira ce da canjin wace rana. Canji na motsi, kuma bambancin mako uku a kan dala 200 ya isa ya sa a yi shiru da juna.

Wanda ejan ya haɗa shi ɗaki da baƙon da bai sani ba, kamar yadda ake yi a tafiyar ayari don gudun biyan kuɗin ɗaki shi kaɗai, wanda kan kusan ninka farashi, shi babu ma wata shawara: asusu a rabe, firji a kulle, kati a wuya, fasfo da kuɗi kuma a yi tunani kafin a saka su a akwatin ƙarfen ɗaki, tunda akwatin ɗaya ne kuma lambarsa ɗaya.

Ka riƙa duba shafinka kowane dare, minti biyu ya isa, ka gwada da rasit ɗin da ka tara a aljihun jaka. Kurakuran da aka fi samu su ne a rubuta abu sau biyu, ko a ɗora maka sayayyar wani ɗaki saboda an yi kuskuren lamba, ko yawon gari da ka soke a kan lokaci amma ba a mayar da kuɗinsa ba. Wasu abubuwan, kamar wanki da firji, sukan yi kwana kafin su hau, don haka rashin ganinsu yau ba ya nufin an yafe. Duk gyara a cikin jirgi ake yinsa cikin sauƙi, ma'aikaci ya nemo rasit mai sa hannu, in ba hannunka ba ne ya goge. In abin Baffa ya hau kanka ko naka ya hau kansa, ku je tare a mayar da shi inda ya dace. Kada ku bar wannan sai safiyar sauka, lokacin da rabin jirgi ke layi a tebur; ku gama da yammacin ranar da ta gabata. Mai asusun tsaba ya je ya rufe, ya karɓi canjinsa. Wanda ya bar bashi a shafinsa, na'urar bakin ƙofa za ta tsayar da shi a mayar da shi tebur, abokin tafiyarsa na tsaye a waje da kaya.

A gefe guda, tunda daga Jidda za ku tashi kuma jiragen Bahar Maliya kan leƙa tashoshin Masar ko Jodan, ka sa ejan ya tabbatar maka a rubuce cewa bizarku ta ba ku damar fita daga Saudiyya ku sake shiga, da kuma abin da ake buƙata ga mai fasfon Najeriya a kowace tasha. Wannan ya fi maganar lissafi girma, kuma tun kafin a biya tikiti ake warware shi.

Kafin ka taka tudu, ka ɗauki hoton shafinka gaba ɗaya daga manhaja, ka kuma karɓi bugaggiyar takarda, domin a jirage da dama manhajar na daina nuna lissafi da zarar tafiya ta ƙare. In daga baya ka buƙaci kwafi, sai ka rubuta wa kamfanin da sunanka kamar yadda yake a fasfo, da lambar tikiti, da sunan jirgi, da ranar tashi, da lambar ɗaki. Naka za su ba ka. Na Baffa sai shi ya nema ko ya ba da izini a rubuce. Baffa kuma ya ajiye takardarsa ta ƙarshe har sai ya ga bankinsa ya saki kuɗin da aka ɗaure. In wata guda ya wuce ba a saki ba, ya tafi reshen bankin da takardar a hannu, wadda ke nuna jimlar da aka cira da ranar da aka rufe asusun, ya nemi a sake masa ragowar.